Kukan Tayar Baya

"Ki gaya masa kar ya ƙara taka mini ƙofar gida."

Cokalin da Auta take juya shayi da shi ya suɓuce ya nutse cikin kofin.

"Baba, me ya yi?"

"Au, tambayata ma kike yi? A bakin garejina, a gaban mutane, yaron da ko sifana bai iya riƙewa ba zai buɗe baki ya ce wai babur ɗina yana kuka!"

"Wallahi ba da raini ya faɗa ba, Baba."

"Me kika ce?"

Ta ɗaga murya. "Na ce ba raini ba ne!"

"To ihun na mene ne? Kurma kika mayar da ni?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a kan tiren. Baba ya ture kofin gefe ya tashi.

"Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Amma wannan yaron, da bakina dai ba zan ce na ba shi ba."

Ya saɓa tsummansa a kafaɗa ya shige gareji.

Baba makaniken babura ne, kuma ba ƙarami ba. Tun kafin a haifi Auta abokan sana'a suka laƙaba masa Kunne, domin babur yana shawo kwanar layin zai ce, "Wannan fulogi ne," ko "Wancan mai ya yi masa yawa," tun mai shi bai sauke ƙafa ba. Garejin a jikin gida yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gida, a nan Auta ta yi rarrafe. Yayyenta duk sun guje wa baƙin mai, ita kuwa ta iya miƙa wa Baba sifanar da yake so tun kafin ta iya rubuta sunanta. Yanzu malamar makaranta ce, amma har gobe in ta ji ƙamshin fetur sai ta ji yunwar aiki a hannunta.

Shi kuwa babur ɗin da ake rigima a kansa, Dattijo ake ce masa a gidan. Baƙi ne wuluk, tankinsa kamar madubi, fitilarsa zagayayya, kujerarsa ta fata ta sha zama har ta ɗauki siffar mai ita. Kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. Baba yakan yafe wa wanda ya taka masa ƙafa, amma ban da wanda ya jingina da Dattijo.

Abin da kowa ya sani a gidan, kuma babu mai iya faɗa, shi ne kunnen Baba ya yi nauyi. Rediyonsa sai ƙara ƙarfi take yi. Sallama sai an maimaita. Umma ta koyi tsayawa a gabansa in za ta yi magana, shi ke nan aka ci gaba da zama kamar ba komai.

Sai ga wanda Auta take so ya zo ya taka wurin da kowa yake kewayewa.

Mai Sauti ake kiransa, saboda aikinsa ke nan: a situdiyo yake haɗa sautin tallace-tallace da wasannin rediyo. Tun farko Baba bai yi na'am da shi ba. "Mutum ya yini a ɗaki mai sanyi da abu toshe a kunne yana murɗa maɓallai, wai shi ma ya je aiki," in ji shi. Da ƙyar Umma ta shawo kansa ya yarda yaron ya riƙa zuwa gaisuwa. Jiya da yamma ya zo, ya tarar Baba ya kashe inji daga bakin layi yana gangarowa da Dattijo a hankali kamar yadda ya saba. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, kamar tayar baya tana kuka."

Masu jiran gyara suka yi tsit. Baba ya kalle shi sama da ƙasa. Sai yau da safe hukuncin ya fito.

* * *

Gwaggo ta sami Auta a ɗakinta ta kifa fuska a filo. Gwaggo yayar Baba ce, ita kaɗai ce a duniya take kiransa yaro ya amsa.

"Tashi ki ba ni wuri. Kin jiƙa filo kamar an yi wanki."

"Gwaggo, shi ke nan fa. Ya ce ba zai ba shi ba."

"Ubanki ya taɓa cewa ba zai ƙara cin barkono ba, da yamma na same shi yana lasar murfin kwalba. Share hawayenki. Amma shi ma naki, wa ya aike shi? Duk gari ya rasa abin yabo sai ya gano aibun Dattijo?"

Auta ta yi dariya cikin kuka. Wayarta ta yi ƙara, Gwaggo ta leƙa fuskar wayar ta taɓe baki.

"Ga mai laifin nan. Ni na fita, ban ji ba ban gani ba."

Auta tana ɗaga wayar kuka ya dawo mata sabo.

"Me ya sa ka faɗa? Don Allah me ya sa? Ka san wahalar da na sha kafin ya yarda ka zauna a kan bencinsa?"

"Malama, yi haƙuri ki saurare ni."

"Ba zan saurara ba! Ka zo ka ba shi haƙuri. Ka ce kunnenka ne ya yi maka gizo, ka ce wata mota ce ta wuce. Kalma ɗaya ce fa."

Sai ya jefo mata tambaya.

"Ke ba ki ji ƙarar ba?"

Ta ciji leɓe. Ta ji. Ta daɗe tana ji, wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa a cikin gwangwani.

"Inji a kashe yake lokacin da na ji ta," ya ce. "Ke kin fi ni sanin abin da hakan yake nufi. Ni ban san sunan ko ƙarfe ɗaya a jikin babur ba, amma na san sautin abin da yake cin kansa. Kuma kin ce ranar Asabar zai hau babbar hanya."

Ranar Asabar ce masu tsofaffin babura suke haɗuwa a wani gari mai nisa, Baba bai taɓa fashi ba.

"Idan na ce ƙarya na yi, zai yafe mini, na sani," ya ci gaba. "Sai ya hau, ya shiga tsakanin manyan motoci da wannan tayar. In wani abu ya same shi, da wane ido zan kalle ki? Gara ya tsane ni yana tafiya da ƙafafunsa."

"Ni kuma fa? Ni ka yi tunanina?"

"Ke nake tunani tun jiya, ko ruwa bai wuce mini da daɗi ba."

"Maƙaryaci. Ina jin ƙarar cokali."

"Wannan na abokin aikina ne."

Ta fashe da dariya, hawaye na shiga mata baki. Ta kashe wayar ta rungume ta a ƙirji, ta rasa ko haushinsa take ji ko sonsa ne ya ƙaru.

* * *

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Dila.

Dila mai shagon kayan gyara ne, a wurinsa Baba yake sayen kusan komai. Ya daɗe yana neman Auta, ita kuma ta daɗe tana gaishe shi daga nesa. Baba yana sonsa saboda ya san ƙarfe. Gwaggo kuwa cewa take sunan ya dace da shi ta kowace fuska, ga dilan kaya ga dilan daji sarkin wayo.

Ya iso da yamma cikin ƙamshin turare, riƙe da kwali.

"Baba, na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Yaran yanzu ba su san manya ba. Ga wannan, sarƙa ce sabuwa, irin ta Dattijo sak. Ba don wani abu ba, don dai tafiyar Asabar."

Baba ya washe baki har kunne. Tare suka cire tsohuwar suka ɗaura sabuwar. Baba ya buga kik, ya zaga layi ya dawo, ya kashe inji ya gangaro.

Auta tana bakin famfo tana wanke kofuna. Ko daga nan ta ji shi. Gurrr, ƙis. Gurrr, ƙis. Bai ragu ba ko kaɗan.

"Yaya ka ji?" Baba ya tambaya yana shafa tanki.

Dila ya ɗan kalli tayar, ya kalli Baba.

"Shiru kamar yau aka fito da shi daga kwali, Baba."

Kofin ya kufce daga hannun Auta ya fashe.

* * *

Ranar Asabar da safe Baba ya fito cikin tsohuwar jaket ɗinsa ta fata, hular kwano a hannu. Umma ta ɗaure masa ƙunshin guzuri a bayan kujera, tana yi tana satar kallon tayar. Dila ma ya zo rakiya.

Baba ya turo Dattijo zuwa ƙofar gareji, sai ya tarar da mutum a tsaye a tsakiyar ƙofar.

"Matsa, Auta."

"Ba zan matsa ba, Baba."

Bai ji ba, amma ya ga bakinta. Ya saki baki yana kallonta. Tunda take ba ta taɓa yi masa musu ba.

Ta durƙusa a gaban tayar gaba, ta riƙe ta da hannu biyu, ta ɗago fuska yadda zai ga leɓɓanta sosai.

"Baba, ka dake ni in ka ga dama. Ka hana ni shi, na haƙura, wallahi na haƙura. Amma ba za ka hau babur ɗin nan ba. Yana kuka, Baba. Ni na ji, Umma ta ji, duk layin nan sun ji."

"Ƙarya ne! Da yana kuka da ni zan fara ji."

"Da can, Baba." Muryarta ta karye. "Da can kai ne za ka fara ji."

Umma ta toshe baki da mayafi. Baba ya juya ya kalle ta, ta kawar da kai. Ya kalli Gwaggo da take tsaye a ƙofar tsakar gida.

"Yaya?"

"Gaskiya ta faɗa maka, yaro," Gwaggo ta ce da ƙarfi, amma babu wasa a muryarta yau. "Kunne ya gaji. Ya yi maka aiki shekara da shekaru, ba abin kunya ba ne. Mu ne muka ji nauyinka muka yi shiru."

Baba ya ɗora hular kwanon a kan tanki a hankali. Ya zauna a kan benci kamar an zare masa laka. Auta ta rarrafa ta dafa gwiwarsa tana kuka, shi kuwa ƙasa kawai yake kallo.

"Assalamu alaikum."

Duk suka juya. Mai Sauti ne a waje, ya tsaya daidai bakin simintin ƙofa, yatsun ƙafarsa a kan layi kamar ɗan tsere.

"Ba na ce kar ka ƙara taka mini ƙofa ba?"

"Ban taka ba, Baba," ya ɗaga murya. "Ka duba, a titi nake."

Gwaggo ta yi wata irin dariya ta maza ta mayar da ita tari.

"Ba maganar Malama ce ta kawo ni ba. Na zo ne in roƙe ka kar ka hau. In ka ce in tafi bayan wannan, zan tafi."

Baba ya ɗago ya kalle shi. Can ya share fuska da tafin hannu ya miƙe.

"Shigo. Tunda kai ne mai kunne, zo ka nuna mini kukan. In kuwa babu shi, ko a hanya ka gan ni ka canja layi."

* * *

Auta ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ita da Baba suka ɗaga Dattijo a kan ƙafar tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ta murza ta da ƙarfi.

Gurrr, ƙis.

"Ga shi nan," in ji Mai Sauti.

"Ina? Kuka ai ba a cewa ga shi nan. Daga ina yake fitowa? Auta, fara da sarƙa."

Ta danna sarƙar da yatsa, ta yi sama ta yi ƙasa daidai yadda ake so. Ta bi haƙoran da take hawa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya karye ko ya lanƙwashe. Ta leƙa ƙarƙashin madigadi, murfin da yake saman taya, ko taya tana goga, babu alamar gogayya.

"Birki," in ji Baba.

Ta sassauta notin sandar birki har ya saki gaba ɗaya, ta sake murza tayar. Kukan yana nan.

Baba ya fara mantawa da fushi yake. Aiki ya shiga jikinsa, idonsa ya dawo da haskensa. Ya zaro sukundireba daga aljihu ya miƙa wa Mai Sauti.

"Ka ga siraran wayoyin nan da suke riƙe da wili? Bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya zai yi ƙara mai zaƙi. Wanda ya saki zai amsa maka kamar mai mura."

Mai Sauti ya naɗe hannun farar rigarsa ya tsuguna a cikin baƙin mai. Tin. Tin. Tin. Ya rufe ido yana karkata kai, kamar mai sauraron waƙa. Auta ta kama kanta tana kallon gefen fuskarsa, Gwaggo ta zungure ta da gwiwar hannu.

Tin. Tin. Tab.

"Na kama shi!" Ya yi tsalle ya miƙe har kansa ya bugi madubi. "Baba, ga ɓarawon nan!"

Baba ya taɓa wayar, ta yi rawa a hannunsa. "Lallai ya saki." Ya ɗaure ta da ƙaramar sifana. Mai Sauti ya kalli Auta yana washe baki kamar wanda ya ci jarrabawa.

Ta murza tayar.

Gurrr, ƙis.

Fuskarsa ta zube. Gwaggo ta riƙe ciki. "An kama ɓarawon kaza, na saniya yana nan yana yawo!"

Har Umma sai da ta dara. Baba ne kawai bai yi dariya ba. Ya ga bakunansu, ya gane kukan bai tafi ba, kuma shi har yanzu bai ji komai ba. Ya karɓi sukundireban, ya ɗora tsinin a kan ƙarfen tsakiya da taya take juyawa a kai, ya manna mariƙin a kunnensa, dabarar da ya koya wa yara ba adadi.

"Murza."

Ta murza. Ya runtse ido. Ya juya ɗaya kunnen. Ya sauke sukundireban.

"Ba na ji," ya ce a hankali. Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa.

Kafin Auta ta yi magana Mai Sauti ya matso ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yarda in taɓa kanka?"

"Kaina kuma?"

"Ba ta ramin kunne kaɗai sauti yake shiga ba. Ƙashi ma yana kai shi. A wurin aiki na gani, wani mai karanta labarai da kunnensa ya yi nauyi, da haka yake jin kansa. Ban sani ba ko zai yi maka, amma mu gwada."

Ya ɗauki mariƙin sukundireban ya ɗora shi a kan ƙashin da yake bayan kunnen Baba, ya danna sosai. Ya yi wa Auta alama da ido.

Ta murza da duk ƙarfinta.

Idanun Baba suka buɗe. Bakinsa ya buɗe.

"Ƙara murzawa!"

Ta ƙara.

"Allahu Akbar! Na ji shi! Yaya, na ji shi!" Dariya yake yi, ruwa na gangarowa cikin furfurar gemunsa. "Boris ne! Ɗan banza, boris ne na ɓangaren birki, ya bushe yana cin kansa! Ku ji yadda yake taunar tsakuwa!"

Ya jefar da sukundireban ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga ta. Ta yi ƙwas-ƙwas, ta motsa gefe da gefe. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya san abin da lalataccen boris, zoben ƙwallayen da taya take juyawa a kai, yake yi in ya yi zafi a babbar hanya: taya ta cije, mutum ya tashi sama.

Ya juya a hankali ya kalli Dila, wanda tun ɗazu yake raɓe a jikin bango yana latsa waya.

"Kai ma kana ji?"

Dila ya sosa ƙeya. "Ina ji, Baba. Na zaci sarƙa ce. Da muka canja bai daina ba, sai na ji nauyin in faɗa maka."

"Ka ji nauyina." Baba ya gyaɗa kai. "Duk kun ji nauyina. Saura kaɗan ku ji nauyin gawata."

"Subhanallahi, yaro, wace irin magana ce wannan!" in ji Gwaggo.

Dila ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Can ya ce, "Akwai irin boris ɗin a shago, Baba. Bari in ɗauko." Ya fita da sauri, ba wanda ya tsayar da shi.

* * *

Kafin ya dawo sun kwance noti sun zare ƙarfen tsakiya, sun fito da tayar sun kwantar da ita a kan katako biyu. Baba ya sa dogon ƙarfe ta ciki ya miƙa wa Mai Sauti guduma.

"Buga a hankali, kana zagayawa. Ba gaba kake da shi ba."

Bugu na farko ya sauka daidai. Na biyu ya sauka a kan babban yatsansa.

"Wayyo Allah!"

"Wannan kam na ji shi ba sai da ƙashi ba," in ji Baba.

Auta ta juya baya kafaɗunta na rawa. Mai Sauti ya tura yatsan a baki, ya tuna da baƙin mai, ya fito da shi yana tofar da yawu. Farar rigar nan kam sai dai a yi tsumma da ita.

Da boris ɗin ya faɗo, Baba ya ɗora shi a tafin hannu ya nuna musu. Giris ɗin ciki ya bushe ya koma ja kamar ƙasa, ƙananan ƙwallayen duk sun yi ramuka. Ya juya shi da yatsa, yana tafiya yana cijewa. Umma ta kalla sau ɗaya ta koma cikin gida tana salati.

Dila ya kawo sababbi guda biyu, ya ce gara a canja duka ɓangarorin. Baba ya ce wannan gaskiya ne, ya yi masa godiya. Bai zauna ba. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya kusa da Mai Sauti, ya kalli rigar, ya kalli Auta da take goge cikin wili tana murmushi ita kaɗai, ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya tafi.

Auta ce ta shafa giris. Baba ya zaunar da sabon boris da kansa, yana bugun gefensa kaɗan-kaɗan har sautin ya canja.

"Ya zauna," in ji Mai Sauti.

"Na sani, a hannuna na ji. Kai dai riƙe mini nan."

Suka mayar da taya, suka daidaita ta da sarƙa, suka ɗaure birki. Baba ya ja da baya yana goge hannu.

"Murza, Auta."

Tayar ta juya, ta juya, ta yi ta juyawa, ba abin da ake ji sai ɗan shuu na iska. Baba bai kalli tayar ba, fuskar Mai Sauti yake kallo.

"Shiru, Baba. Wallahi shiru."

"In kai ka faɗa na yarda."

Auta ta ji maganar har tafin ƙafarta.

Baba ya sauke Dattijo, ya buga kik sau ɗaya ya tashi. Ya nuna kujerar baya da haɓa.

"Hau. Mu zaga, ka saurara mini."

Mai Sauti ya haɗiye yawu. "Baba, ni fa ban taɓa hawa babur ba."

"Me ka ce?"

"Na ce to!"

Suka fita, ya ƙanƙame Baba kamar jariri a bayan uwa. Auta da Gwaggo suka tsaya a bakin ƙofa suna jin rugugin Dattijo yana nisa, ya ɓace, can ya sake dawowa ta ɗaya kwanar. Baba ya kashe inji ya gangaro, ba gurnani ba ƙis. Mai Sauti ya sauko, ya dafa bango.

"Yaya tayar?" in ji Auta.

"Tayar lafiya lau. Ni ne dai a duba."

Baba ya kafe babur ɗin, ya dubi Auta fuska a ɗaure.

"Taron ya wuce ni, sai na gaba. Ranar da ba ki da aji ki raka ni wurin likitan kunne. Kai kuma je ka wanke hannu a famfo, ga sabulu can. Kar ka ɗauka wani abu ya canja."

"To, Baba."

Murnar Auta ta ɗan koma ciki. Ta ɗauki buta ta bi shi bakin famfo tana zuba masa ruwa, ba wanda ya iya kallon wani.

Baba ya ja hannun Gwaggo zuwa lungun gareji, ya kare baki da tafin hannu, ya sunkuya daidai kunnenta. Shi a nasa raɗa yake yi. Muryarsa kuwa har maƙwabta.

"Yaya, yaron nan ya kwanta mini! Shi zan ba! Amma kar ki gaya mata yanzu, bar ta ta ɗan ji jiki tukuna!"

Sabulu ya suɓuce daga hannun Mai Sauti. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Auta ta tsaya da buta a karkace, ruwa na zuba a kan takalminsa, shi bai janye ƙafa ba, ita ba ta daina zubawa ba.

Gwaggo ta kalle su ta gefen ido, ta dafa kafaɗar ƙanenta, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Kwantar da hankalinka, yaro. Daga ni sai kai."